Rigar jirgin ruwa a kan tirela da a matsaya: ko guda ɗaya ta isa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba mai injin baya, tsawonsa ya ɗan haura mita 5. Wani lokaci nakan ɗora shi a tirela in ja shi da mota tafiyar awa uku ko huɗu, wani lokaci kuma nakan bar shi ɗaure a kan ruwa har tsawon makonni. Na sayi tamfol na rufe shi, amma a tafiya ta biyu ya yage daga baya, ya kuma bar tabo a jikin jirgin inda ya yi ta gogarsa. Da na sake sayen wani na bar jirgin a ruwa, sai na dawo na tarar ruwan sama ya taru a tsakiyar tamfol ɗin, kujeru kuma sun yi fumfuna. Wace irin riga ya kamata in saya, kuma shin guda ɗaya za ta iya yin aikin biyu?"

Wa alaikumus salam. Tambayar taka, Malam, idan aka warware ta, tambayoyi biyu ne aka naɗe wuri ɗaya. Ta farko ita ce wane yadi da wane ɗinki ne ke jure jan mota a kan titi, ta biyu kuma wace riga ce ke kare jirgin da ke zaune a kan ruwa ba tare da ta ruɓar da cikinsa ba. Abin da ya same ka sau biyun nan ba lallai don tamfol ɗin jabu ne ba. Ka sa shi ne aikin da ba dominsa aka yi shi ba. Na daɗe ina auna ƙananan jiragen ruwa ina yanka musu riguna, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo mini gyara, ko dai iskar titi ce ta cinye su, ko kuwa ruwan da ya kwanta a kansu. Dalilin da ya sa zaɓin ke da wuya shi ne buƙatun biyu sun saba wa juna: a kan titi ana son riga ta manne wa jirgi kamar fata, a kan ruwa kuwa ana son ta ɗaga sama ta bar iska ta ratsa ƙarƙashinta.

Abin da iska ke yi a kan titi

Ƙarfin da iska ke bugun abu da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun mota. Idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun yana ninkuwa sau huɗu. A gudun kilomita 50 a awa, duk murabba'in mita ɗaya da ya fuskanci iska kai tsaye yana ɗaukar nauyin da ya kai kusan kilo 12, amma a gudun kilomita 100 nauyin ya kai kusan kilo 47, kuma wannan kafin a haɗa da iskar da ke tahowa daga gaba ko wadda babbar mota ke watso maka idan ta wuce. Ka tuna cewa tafiyarka ta awa uku ko huɗu ce, wato yadin zai sha wannan bugun ba hutawa.

Bugun gaba ma ba shi ne ya fi ɓarna ba. Iskar da ke wucewa da sauri ta saman rigar tana tsotso ta sama, idan kuma akwai wata 'yar kafa a goshin jirgi da iska ke shiga, sai cikin ya cika, rigar ta kumbura kamar balan-balan. Iskar da ta shiga dole ta nemi mafita, mafitar kuwa tana baya, inda daman iska ke hargitsewa bayan ta tsallake gilashin gaba. Shi ya sa tamfol ɗinka ya yage daga baya: nan ne ya yi ta kaɗawa sau dubbai har zarensa ya gaji. Tabon da ka gani a jikin jirgin shi ma daga nan yake. Ƙurar titi tana shiga tsakanin yadi da sheƙin faiba, duk kaɗawa ɗaya sai ta goge shi kamar sanfefa, idan kuma tamfol ɗin yana da zoben ƙarfe a bakinsa, zoben ya ƙara da nasa duka.

Saboda haka rigar tafiya tana da siffofi da ba a sassauta musu. Dole a yanka ta daidai da surar jirgin, ba murabba'in yadi da za a naɗe saura a cusa ba, domin duk inda yadi ya yi rara, nan iska za ta kama. Dole bakinta ya sauko ƙasa da robar da ta kewaye gefen jirgin, da igiya ko bel mai abin ɗamewa a cikin kalmasar, yadda idan aka ja daga baya za ta shaƙe jirgin gaba ɗaya. Roba mai talewa kaɗai a bakin riga ba ta isa ba a kan titi. Sannan a sami maɗaurai da aka ɗinke su a jikin rigar da ƙarin yadi a gindinsu, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce mita ɗaya, su zagaya ta ƙarƙashin jirgin ko su kama ƙarfen tirela. Wuraren da ke da tsini, irin su kusurwar gilashin gaba, da ƙarafunan ɗaura igiya, da fitilu, ana ninka musu yadi daga ciki. Ni nakan ƙara da sa wa mai jirgi shawarar ya ɗora guntun tsohon bargo ko soso a kan kowane tsini kafin ya ja rigar, domin sauya soso ya fi sauƙi a kan facin riga.

Akwai kuma ɗabi'un da ke tsawaita ranta, waɗanda ba sayensu ake yi ba. A wanke jirgi a bar shi ya bushe kafin a rufe shi, domin kada a ɗaure ƙura a kan sheƙinsa. A murɗa kowane bel rabin murɗi kafin a ɗame shi, wannan yana hana shi kaɗawa da kuka a cikin iska. Maƙullan bel su tsaya inda ba za su taɓa jikin jirgi ba, sauran jelar bel kuma a naɗe ta. A kwantar da rumfar inuwa a ɗaure ta. Bayan tafiyar minti goma ko sha biyar a tsaya a sake ɗamewa, domin yadi yakan saki a farkon tafiya. Abu ɗaya da nake yawan nanatawa: maɗauran riga ba su ne ke riƙe jirgi a kan tirela ba. Jirgi yana da nasa maɗauran a goshi da baya, kuma su ake fara ɗaurewa.

Idan kuwa ranar tafiya ta zo ba ka da rigar da ta cika waɗannan sharuɗɗa, ra'ayina shi ne ka ja jirgin a buɗe. Ka kwashe duk abin da iska za ta iya ɗauka, ka wanke shi idan ka isa. Ƙurar tafiya ruwa da sabulu ke fitar da ita, amma sheƙin da riga mai kaɗawa ta cinye ba ya dawowa da wanki, ga kuma haɗarin ta tsinke ta rufe gilashin motar da ke biye da kai.

Jirgi a kan ruwa

A matsaya lissafin ya juye. Iska tana nan, amma abubuwan da ke aiki dare da rana su ne hasken rana, da ruwan sama, da danshin da ke tasowa daga cikin jirgin kansa, sai kashin tsuntsaye da ke cin yadi da fenti idan ya daɗe.

Mu fara da ruwan da ka tarar a tsakiyar tamfol. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya ce. Jirgi irin naka, faɗin abin da riga ke rufewa zai kai kamar murabba'in mita 8. Idan aka yi ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, kuma rigar ta lotsa ta tara shi, kilo 240 ke nan a kan ɗinki da maɓallai, nauyin manyan mutane uku. Da zarar ƙaramin kududdufi ya kafu, nauyinsa yana ƙara jan yadin ƙasa, ramin ya ƙara zurfi, ya ƙara tara ruwa. Yadin da ya taɓa talewa haka ba ya komawa yadda yake, ko an zubar da ruwan zai riƙa tara wani a wuri guda. Ƙarshenta ɗinki ya ɓalle, ruwan ya zube cikin jirgi lokaci ɗaya, famfon kwashe ruwa ya yi ta aiki har batir ya mutu. Ƙananan jirage da dama a matsayarsu suke nutsewa ta wannan hanya, ba a tsakiyar ruwa ba.

Maganin wannan ba kaurin yadi ba ne, gangara ce. Ana kafa sanda ɗaya ko biyu masu daidaita tsawo a tsakiyar jirgi, kowace da faffaɗan kai don kada ta huda yadi, ko a ja bel daga goshi zuwa baya ta kan sandunan ya zama kamar ƙashin bayan rufin ɗaki. Gwajin da nake yi kafin in miƙa wa mai jirgi aikinsa mai sauƙi ne: in watsa bokitin ruwa a kan rigar in tsaya in duba. Duk inda ruwa ya tsaya ko da cikin tafin hannu ne, wurin yana buƙatar ƙarin ɗagawa. A lura kuma kada gefen rigar ya toshe kafofin da jirgin ke zubar da ruwa ta cikinsu.

Fumfunar kujeru kuwa daga ciki ta fito. Kusan kowane jirgi da ke kan ruwa yana da ɗan ruwa a ƙasan cikinsa, ga jiƙaƙƙun igiyoyi da soson kujeru. Da rana zafi yana mayar da wannan ruwa tururi, da dare yadin ya huce, tururin ya zama raɓa a cikin rigar ya ɗiɗɗigo a kan kujeru, washegari a sake. Tamfol ɗin leda ba ya barin tururi ya fita ko kaɗan, saboda haka rufewar da ka yi don kare kujerun ita ce ta dafa su. Mutane da yawa suna zuwa wurina suna neman yadin da ruwa ba ya ratsawa sam, ni kuma nakan ce musu abin nema shi ne yadin da ke korar ruwan sama amma yana numfashi. Ko da irin wannan yadin, sai an sa masa kafofin shan iska masu hula, aƙalla biyu, ɗaya wajen goshi ɗaya wajen baya, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Kafa ɗaya tak ba ta jan iska sosai.

Shan iskar nan yana da wani amfani da ya fi kujeru muhimmanci. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan cikin jirgi, kuma rufaffen jirgi da rana ta gasa yana iya tara shi. Idan ka zo tafiya, ka yaye rigar gaba ɗaya, ka bar jirgin ya sha iska, ka sansana ƙasansa kafin ka taɓa makunni. Kada kuma a bar inji yana aiki alhali mutum yana ƙarƙashin riga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari.

Sai batun ɗauri. A kan ruwa ba za ka iya zagaya bel ta ƙarƙashin jirgi ba, ko ka iya ma ba a so, domin zai yi gansakuka. Rigar matsaya tana kamawa ne da maɓallan dannawa da aka kafa a gefen jirgi, ko da igiyar baki, ko da ƙananan jakunkunan yashi da ke rataye a gefe suna jan ta ƙasa. Tana buƙatar tsagu inda igiyoyin ɗaure jirgi za su fita. Kuma ka yi tunanin yadda za ka sa ta kai kaɗai kana tsaye a cikin jirgi mai rawa. Na taɓa yanka wa wani mutum riga guda mai kauri, kyakkyawa, amma nauyinta ya sa bayan wata biyu ya daina sa ta, jirgin ya koma zama a rana. Tun daga nan, idan jirgi yana da gilashi a tsakiya, nakan raba rigar matsaya gida biyu, ta goshi daban, ta wurin zama daban.

Yadi, zare da ƙarfe

Tamfol ɗin leda mai rahusa, wanda ake saƙawa da zaren roba a shafe shi, na rufin kwana biyu ne a ƙasa. Ba ya numfashi, rana tana busar da shi ya riƙa marmashewa, kuma ba shi da sura. Yadin auduga mai kauri yana numfashi sosai kuma yana da taushi a jikin fenti, sai dai yana da nauyi, yana tsukewa, yana ruɓewa idan ya daɗe a jiƙe. Nailan yana da ƙarfi amma yana saki idan ya jiƙe kuma ba ya jure rana, don haka ban cika ba da shawararsa ba. Zaɓin gaske yana tsakanin foliyesta da akirilik.

Foliyesta ya fi jure guga da ja, ba ya talewa sosai, shi ya sa ya fi dacewa da titi. Za ka ga an rubuta 300D ko 600D ko 1200D a jikin kwalinsa. Wannan ma'aunin kaurin zare ne, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Don tafiya a kan titi ban sauka ƙasa da 600 ba. Amma lambar kaɗai ba ta faɗin komai game da matsin saƙa, ko abin da aka shafa wa yadin, ko juriyarsa ga rana, kuma na ga yadi mai babbar lamba da ya ƙone a rana kafin wani mai ƙaramar lamba. Akirilik, wanda sanannen sunansa a kasuwa shi ne Sunbrella, ya fi kowanne jure rana da riƙe launi, yana kuma numfashi, nauyin na jirgin ruwa kimanin giram 300 ne a murabba'in mita. Rauninsa guga ne: idan ya daɗe yana gogar tsini, zai huje da wuri fiye da foliyesta, don haka idan za a ja shi a titi sai an ninka masa kariya a duk wurin taɓawa. Akwai kuma foliyesta da aka lulluɓe da roba, wanda ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan kuma wanke kashin tsuntsu a kansa ba wuya, amma rayuwar kujerunka a ƙarƙashinsa ta dogara kacokan ga kafofin iska.

Ko wanne ka zaɓa, ka tambaya yadda aka rina shi. Akwai yadin da ake zuba launi a cikin narkakkiyar robar tun kafin a ja ta ta zama zare, akwai kuma wanda ake shafa wa launi bayan an saƙa. Bambancinsu kamar na launin da aka kwaɓa cikin siminti ne da fentin da aka shafa a bango. Na farkon ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, na biyun kuma yakan koɗe, wani lokaci har ya bar launinsa a kan fararen kujeru idan zafi da danshi suka haɗu. Yadi mai duhu yana ƙara zafin cikin jirgi, fari kuma yana nuna datti, shi ya sa da yawa ke tsayawa a ruwan toka.

Abin da masu saye ba sa dubawa, kuma shi ke fara mutuwa, zare ne. Sau da yawa ana kawo mini riga yadinta lafiya lau amma ɗinkin saman duk ya zama gari, domin rana ta cinye zaren. Zaren foliyesta da aka yi don waje yana yin wasu shekaru kafin a sake bin ɗinkin. Zaren wata irin roba da ake kira PTFE, irin wanda ake sayarwa da sunan Tenara, rana da gishiri ba sa cinsa, yakan kai ƙarshen ran yadin. Maɓallai da zobba su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, idan ruwan gishiri ne a nemi mai lamba 316, wanda ya fi mai lamba 304 jure gishiri. Zif ɗin roba mai manyan haƙora ya fi na ƙarfe daɗewa a kusa da ruwa.

Ɗaya ko biyu

Riga ɗaya tana iya yin aikin biyu, amma ta hanya guda kawai: a saye ta don titi, sannan a shirya ta don matsaya. Wato foliyesta mai launin cikin zare, 600 ko sama, yankakke daidai jirgin, da maɗauran da gindinsu ke ɗinke a jikin rigar amma ake iya cire bel ɗinsu, da kafofin iska biyu, da tsagun igiya, da wuraren da aka ƙarfafa don kan sanduna. A titi ka sa maɗaurai ka rage tsawon sanduna, a ruwa ka cire maɗaurai ka ɗaga sanduna ka dogara da igiyar baki da jakunkunan yashi. Akasin haka ba ya yiwuwa. Rigar matsaya mai maɓallai kaɗai ba ta hawa titi, domin iska tana ɓalle maɓallai ɗaya bayan ɗaya daga gaba. Idan a kwali ba a rubuta ƙarara cewa an yi rigar don ja a tirela ba, ka ɗauka ba a yi ta don haka ba.

Amma tunda ka ce jirgin yakan yi makonni a ruwa, da ni ne, biyu zan yi: akirilik mai gida biyu don matsaya, inda zai sha rana kullum, da foliyesta matsattse don tafiya, wanda zai riƙa hutawa a ajiye. Kowace za ta daɗe fiye da guda ɗaya da ake wahalarwa ta fuska biyu. Idan hali bai ba da biyu yanzu ba, ka fara da ta matsaya, domin a nan jirgin ya fi daɗewa, ka riƙa jansa a buɗe kafin ka yi ɗayar.

Wajen awo, ka ja tef a miƙe daga tsinin goshi zuwa ƙarshen baya ta tsakiya, ba tare da bin lanƙwasar gilashi ba, sannan ka auna faɗi a inda jirgin ya fi faɗi. Kada ka ƙara girma da sunan a samu wadata. Rigunan gama-gari da ake yi don su shiga kowane irin jirgi sun isa ajiya a ƙasa, waɗanda ake yi wa wani salo na jirgi sukan yi kusa, amma don doguwar tafiya babu kamar wadda aka auna a jikin jirgin. Injin baya ya fi kyau da tasa rigar daban, kuma a bar shi ya huce kafin a rufe shi. Kulawa ba ta da yawa: ruwa mai sanyi, sabulu marar kaifi, burushi mai taushi, ban da injin feshi mai ƙarfi, kuma kada a naɗe ta a jiƙe. Ranar da ka ga ruwa ya daina taruwa ƙwaya-ƙwaya a kanta ya fara shiga yadin, lokacin sake fesa mata maganin korar ruwa ya yi. Idan jirgin zai kwana a tirela, ka ɗaga goshinsa ka cire matoshin baya, ka kuma rataye matoshin a sitiyari don kada ka manta da shi ranar komawa ruwa.

Wannan duka na gina shi ne a kan jirgin faiba na mita 5 kamar yadda ka kwatanta, kuma aikina a kan ƙananan jirage masu inji yake. Jirgin katako yana buƙatar iska fiye da haka, wanda aka yi wa sabon fenti kuma ba a ɗame masa riga sai fentin ya gama ƙarfi, kuma tsayin gilashinka da ƙarafunan gefe sai wanda ya tsaya a kan jirgin da tef zai yanke hukunci a kansu. Game da tabon da tamfol ya bari, ka ja farcenka a kansa. Idan farce bai kama ba, dusashewa ce kawai, man goge faiba da kakin sheƙi za su fitar da ita. Idan ya kama, ko kuma ka hango zaren faiba a ƙasa, a cike wurin a rufe shi kafin jirgin ya sake yin makonni a ruwa, domin danshi yana bin irin wannan kafa ya shiga jikin faiba.